Kwandon Bunica

A unguwar Old Airport ta birnin Doha akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya. Iyayenta mutanen Zongo ne daga Kumasi. Tana da ƙane mai suna Mutala. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma fa akwai ta da son a ce ita ce gaba.

Da korona ta zo, aka rufe makarantu. Ba fita, ba wasa, sai zaman baranda.

Wata safiya sai ga kwando yana saukowa daga bene na sama, ɗaure da igiya. A ciki akwai cokali da 'yar takarda. An rubuta "lingură".

"Mma, zo ki ga ikon Allah!" in ji yarinyar, tana kiran mahaifiyarta.

Mma ta duba, ta yi murmushi. "Tsohuwar sama ce. Daga Romaniya ta zo ganin ɗanta Sorin, sai aka tsayar da jirage. Ba ta jin Turanci, kunnenta kuma ya yi nauyi. Ina jin sunan cokali da Turanci take tambaya."

Yarinyar ta rubuta "spoon", ta girgiza igiya. Kwando ya yi sama.

Shi ke nan, wasa ya kankama. Ran da burodi ya sauko, "pâine" ya koma sama da "bread". Ran da kwalbar ruwa ta zo, "apă" ta tafi da "water". Sorin ya ce su riƙa kiran tsohuwar Bunica, wato kaka. Ya kuma rubuta musu wasu kalmomi da ba sa shiga kwando. "Ku ajiye saboda wata rana," in ji shi.

Sai Mutala ya tsoma baki. Ya samo littafi, ya kwafe kalmomin duka. Ya fara yin zane a takardun da ake mayarwa, ya sa sunansa ɓaro-ɓaro a ƙasa.

Ba a yi mako ba, kwando ya sauko da biskit guda ɗaya. A takardar an rubuta "Mutala".

Yarinyar ta ji kamar an zuba mata barkono a ƙirji. Wa ya fara wasan nan? Ita! Wa ya iya rubutu mai kyau? Ita! Amma biskit na Mutala. Washegari ma Mutala. Jibi ma Mutala.

"Yaya, ungo rabi," in ji shi.

"Riƙe abinka. An ce maka yunwa nake ji?"

Kishi dai ya ci ta ya cinye. Da ta faki ido, ta ɗauke littafin, ta cusa shi can cikin buhun shinkafa. Mutala ya nema har ya yi kuka. Ita kuwa har da taya shi leƙa ƙarƙashin gado. Kun ji ƙarfin hali!

Bayan kwana uku, da hantsi, Baba da Sorin duk suna wurin aiki. Mma ta sa takunkumi ta tafi kanti da wayarta. Rana ta buɗe, zafin Doha ya fara gasa bango. Sai ga kwando. A ciki akwai makulli, da takarda mai karkataccen rubutu: "ajutor".

Yarinyar ta yi wuf ta rubuta "key". Yau dai ta riga shi! Ta girgiza igiya. Kwando bai motsa ba.

Mutala ya leƙa takardar. "Yaya, ai mun yi makulli tuni. Sunansa 'cheie'. Wannan kalmar tana cikin waɗanda Sorin ya ba mu. Na manta ma'anarta. Da littafina yana nan..."

Yarinyar ta kau da kai. Ta san inda littafin yake, taku biyar ne kawai. Amma in ta ɗauko, asirinta ya tonu. Sai ta ƙi ɗaukowa.

Suka zauna. Kwando yana lilo, ba mai ja. Aka yi rabin awa cur kafin Mma ta turo ƙofa.

"Me ya same ku kuka yi tsuru-tsuru?"

Kafin su amsa, sai suka ji wani nishi daga sama, siriri, kamar na mage. Yarinyar ta kasa jurewa. Ta ruga kicin, ta zura hannu cikin shinkafa, ta zaro littafin. Ta buɗe shafin ƙarshe. Ga shi nan da rubutun Mutala: "ajutor", "help".

"Mma, taimako take nema!"

"Innalillahi! Maza, ba ni makullin!"

Suka hau sama, suka buɗe ƙofa da makullin, suka tarar da Bunica kwance a barandarta. Santsi ya kwashe ta, ƙafarta ta karye. Da jan ciki ta kai ga igiyar. Rana ta gasa ta, leɓɓanta sun bushe. "Apă," ta ce a hankali. Wannan kam yarinyar ta sani. Ta kawo ruwa da gudu, Mma kuma ta kira motar asibiti.

Da suka sauko, Mma ta kakkaɓe shinkafa daga littafin. "Yaya aka yi ya shiga buhu?"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Ni na ɓoye. Kullum Mutala, kullum Mutala!"

"Saboda biskit kika bar tsohuwa a rana?" in ji Mma. "Da na sani ƙeya ce. Fara neman gafara daga ƙanenki."

Ta roƙi Mutala gafara. Ya share hanci ya ce, "Ya wuce, Yaya."

Da yamma Sorin ya zo yi wa Mutala godiya. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta faɗa masa komai. Sai ya ce, "Ku biyu ne ke amsawa? Mamata ba ta hango barandarku daga sama. Suna ɗaya ta gani a takarda. Ta ɗauka yaro ɗaya ne."

Kunya ta rufe yarinyar. Ashe ba ƙin ta aka yi ba. Ita ce ba ta taɓa rubuta sunanta ba!

"Yaya ake cewa a yafe mini da yarenku?" ta tambaya.

Ya koya mata. Ta rubuta "iartă-mă", ta sa sunanta a ƙasa, ta ba shi. Amma daga asibiti, da aka buɗe hanyar jirage, sai Bunica ta koma ƙasarsu. Amsa ba ta zo ba. Kullum yarinyar sai ta ɗaga kai ta kalli barandar sama.

Shekara biyu suka wuce. Gasar Kofin Duniya ta zo, Doha ta cika ta batse. Ranar wasan Gana, yaran suna ɗaura tuta a baranda, sai wani abu ya taɓa kan yarinyar. Kwando!

A ciki akwai biskit biyu da takardu biyu. Ɗaya ta Mutala ce. Ɗayar kuma an rubuta da Turanci, "I forgive you", wato na yafe miki. A ƙasa ga sunanta, da manyan baƙaƙe, ba kuskure ko ɗaya.

"Bunica ta dawo!" Mutala ya yi tsalle.

Mma ta dafa kafaɗar 'yarta. "Kin gani? Kishi yana rufe ido, ya cutar da wanda bai ji ba bai gani ba. In abu ya dame ki, ki faɗa. Rabon wani ba ya rage naki."

Yarinyar ta rubuta "mulțumesc", wato na gode. Ta miƙa wa Mutala biro ya fara sa sunansa, sannan ta sa nata kusa da nasa. Suka kama igiyar tare, suka girgiza. Kwando ya yi sama.