Ɗaki na Takwas

Magaribar da abin ya fara ba ta bambanta da sauran magaribun unguwarmu ba. Mai amalanken miya ya wuce yana buga kwano da cokali, 'yan masaƙa sun dawo a kan baburansu, ladan yana gyaran murya. Pak Tukiran, wato Baba Tukiran, na zaune a baranda da shayinsa, yana kallon sabon gidansa. Sai dutse ya faɗo a kan rufin, wani ya biyo baya. Matarsa, Bu Lasmini, ta ɗauko ɗaya daga tsakar gida, ta ji shi a jiƙe, da gansakuka a jikinsa, alhali an kwana biyu garinmu Ungaran bai ga ruwan sama ba.

Tukiran ya tsufa a gaban injin masaƙa. Wata rana ya je taro a otal, wani mai kwat ya ce musu mai wayo ba ya aiki, gida ne ke yi masa aiki. Maganar ta shige shi. Ya sayar da gonar shinkafar da ya gada, ya ci bashin banki, ya sayi tsohon gida ya yayyanka shi ɗakunan haya. Bakwai na biyan bashin banki ne. Na takwas shi ne nasa, shi ne zai raba shi da masaƙa har abada. Da fili ya ƙare, sai ya sa aka shafe tsohuwar rijiyar bayan gida da siminti, aka ɗora ɗakin a kanta.

Ko yaron goye a nan ya san ba a rufe rijiya ruf. Ana barin gora ko bututu a tsakiya don ta riƙa numfashi. Mbah Karsinah, tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi, ta leƙo ta katanga ta tuna masa. Ya yi dariya ya ce, "Haba Mbah, wa zai kama hayar ɗaki mai hanci?"

Jifa ya zama na kullum, da zarar rana ta faɗi. Tukiran bai yarda da zancen aljanu ba, mutane yake zargi. Ya zargi dillalin da ya sayar masa da gidan, wai yana so ya saye shi da araha. Ya zargi mai gidan hayar da ke tsallaken titi. Ya daina amsa gaisuwar Mbah Karsinah. Har matarsa ya fara yi wa kallon gefen ido, don tun farko ba ta so a sayar da gonar ba. Ni dai ban taɓa ganin mutumin da ya tara abokan gaba da sauri haka ba, kuma duk a cikin kansa.

'Yan haya biyu suka kama ɗaki na takwas, kowanne ya tattara ya gudu. Suka ce ana haki a ƙarƙashin daɓe, irin na wanda aka danne wa ƙirji. Sai Tukiran ya yi abin da har yau nake jin haushinsa. Ya ce wa 'yarsa Wening, wadda ke ajin ƙarshe a sakandare, ta koma ɗakin da kwana, don unguwa ta ga lafiya lau yake.

Ba a yi mako ba, wata magariba uwar ta same ta zaune a tsakiyar daɓe, gashinta na ɗigar ruwa, bakinta a buɗe, iska ba ta shiga sai da ƙyar.

Aka ɗauko Kiai Basuni, malamin da ke da makaranta a gindin dutse. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi ta karatu a hankali, har gidan ya yi tsit. Can sai yarinyar ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta tsoho ce, a shaƙe.

"Ya isa, Kiai. Ba da kai nake ba."

"Wane ne kai?" in ji Kiai.

"Tun ba a haifi kakan mai gidan nan ba nake zaune a nan. Ya toshe mini hanci. Na ari na 'yarsa."

"Zalunci kake yi. Yarinya ba ta zuba siminti ba. Me zai fitar da kai? Kada ka ce mini yanka, ba za ka samu ba."

"Ba na son jini. A buɗe rijiya."

Bu Lasmini ta ce, "A buɗe, yanzu ma." Amma Tukiran ya matso, yana murza hannu yadda yake yi a gaban dillalai.

"To, idan aka sa bututu a kusurwa fa?"

"Da can bututu ya isa. Yanzu rijiya nake so."

"Rabin ɗakin? In sa katako in raba?"

Ƙirjin Wening ya yi sama ya tsaya. Leɓunanta suka fara yin duhu.

"Ko ka ɗaga mini zuwa ƙarshen shekara," in ji Tukiran, "in ɗan farfaɗo."

Kiai ya juyo ya dube shi. Bu Lasmini ce ta fita, ta dawo da gudumar da magina suka bari, ta ɗaga ta sauke a tsakiyar daɓen. A bugu na farko siminti ya tsage. Sai a lokacin Tukiran ya karɓi gudumar yana kuka, ya yi ta dukan ɗakinsa har rami ya buɗe. Wata iska mai sanyi da warin laka ta taso. Muryar ta ce, "Na tafi, Kiai. Kai ne shaida." Wening ta ja dogon numfashi ta kife a jikin uwarta.

Tukiran ya durƙusa ya kama hannunta. "Nduk, 'yata, kin dawo? Kin gane ni?"

Ta dube shi. Sannan ta zare hannunta a hankali.

"Ban je ko'ina ba, Pak," in ji ta. "Ina ciki, ina jin komai. Na ji sanda kake ciniki."