Takalmi a Gaban Suruki

"Tsaya! Kashe mota! Kowa ya sauko!"

Direban a-kori-kurar ya taka birki da ƙarfi, saura ƙiris ya daki kututturen da aka gitta a hanya. Ranar Alhamis ce bayan la'asar, kasuwar Maigatari ta fara watsewa. Gero ya yi tsayi dama da hagu, ya rufe 'yar hanyar yashin da ta nufi Sule Tankarkar. Daga cikin geron mutum uku suka fito, fuskokinsu a naɗe da rawani.

Tau! Cindo ya saki harsashi sama.

"Ƙasa! A kife ciki! Wanda ya ɗago kai, uwarsa ta haifi wani!"

Cindo shi ne oga, shi kaɗai ke da bindiga. Ɗantsoho na biye da shi da adda. Na ukun, wanda ke riƙe da buhu, Malam Habibullah ne, kuma yau ce fitarsa ta farko.

Shekara goma sha tara yana riƙe da alli a wata firamare kusa da Ɗanzomo. Albashinsa kan yi sallama a ƙarshen wata, kafin goma ga sabo ya yi ban kwana. Ya gwada kabu-kabu da yamma, fetur ya cinye ribar. Yaran da ya koya wa karatu suna wuce shi cikin motoci masu baƙin gilashi, su ɗaga masa hannu, tayarsu ta watsa masa taɓo. Mai kuɗi yana da kuɗinsa, mabaraci yana da bakinsa, malamin makaranta kuwa sai guga a riga da yunwa a ciki. Ga shi da zuciya. Ranar da matarsa Ummulkhair ta yi masa zancen dabbobinta da ke rugar mahaifinta, tsawa ya daka mata, ya ce bai auri mace don ya ci shanunta ba.

Sai ga 'yarsu Sumayya ta samu gurbi a makarantar koyon jinya, ranar Litinin za a rufe rajista. Ya bi ƙofa uku, ya dawo da "Allah ya rufa asiri" guda uku. Cindo, wanda ya saba ɗauka a babur, shi ya tare shi a gindin darbejiya.

"Tica, harka ɗaya ce tak. Ba duka, ba jini. Kai dai ka riƙe buhu, ka ja mashin. Fataken shanu ne, kuɗi har ƙaiƙayi yake musu. Shaf-shaf, mu ware. Ka gane?"

Sau biyu yana cewa a'a. A na uku ya shiga gida ya tarar Sumayya tana ninke takardar gurbin tana sawa a ƙasan akwati. Ta ce, "Baba, ka bar shi. Baɗi ma shekara ce." Da ta yi kuka da ya jure, wannan haƙurin ne ya karya shi.

"Kai, mai buhu! Barci kake?"

Ya zabura. Ɗantsoho na lalube aljihuna yana jefo masa abin da ya samu: naira, sefa, wayoyi, har da ƙullin goro. Mutum goma sha ɗaya a kife cikin yashi, wani na salati, wani na kuka kamar yaro.

Saura mutum ɗaya. Wani tsoho ne ke saukowa daga bayan motar a hankali, yana lallaɓa gwiwa, da malafa a ka da sanda a hannu. Ya dire, ya juyo.

Baffa Sajo! Mahaifin Ummulkhair!

Abin da ya biyo baya, ba Malam Habibullah ne ya shirya shi ba. Tun ranar da ya je gaisuwar neman aure, shekara ashirin da ɗaya ke nan, bai taɓa tsayawa da takalmi a gaban wannan dattijo ba. Ƙafafunsa ba su nemi shawararsa ba. Ta dama ta zame daga takalmi, ta hagu ta bi ta. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, kansa ya sunkuya. Ga ɗan fashi da rawani a fuska da buhun sata a hannu, ya durƙusa a tsakiyar hanya yana gaida suruki.

Tsohon ya dubi takalman, ya dubi durƙuson. Ya san su duka biyun. Shi ma sabo ya ci amanarsa, don kawar da kai gefe ya yi kamar yadda yake yi kullum, ya ce a hankali:

"Malam... sannu. Ya mutanen gida?"

Cindo ya ji.

A can bakin babban titin Gumel, wani mai babur da ya hangi kututturen ya juyo a guje, ya tsaya gaban motar sintiri yana haki.

"Ranka ya daɗe, ɓarayi! Sun tare hanyar yashi!"

"Su nawa?" in ji Sufeto Siddiq.

"Uku na gani! Akwai bindiga!"

"Ku hau! Direba, taka!"

Motar ta faɗa hanyar yashin tana tangaɗi, jiniya na tsaga gonaki.

Cindo ya tako a hankali. "Tica, tsohon nan ya san ka?"

"A'a... ruɗewa ya yi..."

"Ƙarya kake! Wa ya ce ka cire takalmi? Masallaci ka zo?" Ya fizge lalitar da ke ɗaure a ƙugun tsohon, ya cilla wa Ɗantsoho. "In ya san ka, ya san mu. Kauce!"

"Cindo, don girman Allah! Kakan 'ya'yana ne! Ka ce ba jini!"

"Kai ka jawo jinin, ba ni ba."

"Oga, jiniya!" Ɗantsoho ya yi ihu. "Mu fece!"

Malam Habibullah ya yi tsalle ya kama bakin bindigar. Suka yi kokawa — hannun alli ina zai iya da hannun Cindo? Gwiwa ɗaya ya sakar masa a ciki, ya zube.

Tau!

Malafar ta faɗi, ta gangara ƙarƙashin mota.

Cindo ya wawuri buhun, ya zare makullin babur daga aljihun Malam. "Zauna ka gama gaisuwar, Tica!" Suka kutsa cikin gero inda suka ɓoye babura biyu. Shi ya hau nasa, Ɗantsoho ya hau na Malam, wanda da shi ake cefanen gidan.

Geron a buɗe yake, ko da ƙafa Malam Habibullah zai iya ɓacewa. Bai ko dubi wajen ba. Ya rarrafa, ya kwance rawaninsa a gaban kowa, ya danna shi a ƙirjin tsohon. Nan da nan farin ƙyallen ya jiƙe.

"Baffa... Baffa, ka yafe mini..."

"Kuɗin nan da suka ɗauka," tsohon ya ce, numfashinsa na sarƙewa, "na bijimin uwar yaran ne. Jikan saniyar da na ba ta ranar sunanta. Ta aiko in sayar saboda karatun yarinya. Ta ce kada ka ji, don ba za ka karɓa ba. Yau da magariba zan kai."

Malam Habibullah ya ƙara danna rawanin. Ashe abin da ya fito nema da rawani a fuska, yana tafe zuwa ƙofar gidansa da kansa.

Motar sintiri ta iso. 'Yan sanda suka dira. Sufeto Siddiq ya tsaya turus, don wannan fuskar ita ce ta koya wa 'ya'yansa biyu lissafi.

"Malam? Me kake yi a nan?"

Baffa Sajo ya tattara sauran ƙarfinsa, ya ɗaga yatsa. "Surukina ne... tare muke... fasinja ne..."

Mutumin da aka san shi daga Ɗanzomo har Gagarawa da cewa ko a cinikin shanu ba ya ƙarya, da ƙarya ya so rufe bakinsa don ya rufa wa mijin 'yarsa asiri. Fasinjojin suka dubi juna. Malam Habibullah ya girgiza kai, hawaye na zuba a kan rawanin.

"A'a, Baffa. Kada ka tafi da wannan saboda ni. Yi shahada." Ya juya ga Sufeto. "Da ni aka tare hanyar. Cindo da Ɗantsoho sun yi arewa, ta cikin gero."

Tsohon ya yi shahada, Malam na laƙƙana masa. Sai hannun ya saki.

Kafin magariba aka tsinci Ɗantsoho a wani kwari, da harbi a baya, don Cindo ba ya son rabo. Shi kansa Cindon a bakin iyaka aka cim masa, yashi ya kayar da babur ɗinsa. An maido kuɗin bijimin, amma sai da aka gama shari'a, Litinin ta wuce da wata bakwai. Sumayya tana taya uwarta sayar da ƙosai yanzu. Ummulkhair ta rasa uba da miji a yini guda, kuma har yau ba ta daina cewa laifinta ne da ta ɓoye masa ba. Aji huɗu suka yi zango guda suna jiran malami.

Amma duk wannan daga baya ne. A yammacin nan, da aka sa wa Malam Habibullah ankwa, aka ɗora gawar a bayan motar da za a tafi da shi, Sufeto Siddiq ya sunkuya ya ɗauko takalman daga cikin yashi, ya ajiye a gabansa.

"Sa, Malam. Akwai ƙaya."

Malam Habibullah ya dubi gawar, ya sunkuyar da kai.

"Bar su, Sufeto. Ba na sa takalmi a gabansa."