Gyaran Tsohuwar Mashaya

Duk kaka Yaya Nomau, ɗan wan babanmu, yakan kawo mana damin gero, mu yi ta sa masa albarka. Bana da ya kawo, sai ya zauna har bayan isha. Ya rage fitila, ya ce mu matso. Ko tsokanar da ya saba bai yi ba.

"Shekarar da fara ta cinye amfanin gona, kuna ƙanana," in ji shi. "Na dawo daga kasuwa da jakina, buhu wayam. Dare ya yi mini a mashayar Kwarin Gawo. Ni kaɗai.

"Jaki ya toge. Na duba, sai ga tsohuwa zaune kan yashi, masakin gero a gabanta. Ba fitila, ba wata. Amma ina ganin kowace ƙwaya.

"Ta ce, 'Sannu, Nomau.' Sai da na gama jin maganar, sannan leɓenta ya motsa."

Ƙanwata Lantana ta ƙanƙame ni. "Yaya, ba ka gudu ba?"

"Gudu? Idona na kan geron nan. Ta ce in buɗe buhu. Ta yi ta awo har ya kai wuya. Ta ce, 'Rabonka ke nan, kyauta. Tafi.'

"Wallahi ya ishe ni da innata har kaka. Na ɗaure, na ɗora wa jaki. Amma kun san bakin ɗan kasuwa. Na juyo na ce, 'Iya, ba gyara?'

"Ta daɗe tana kallona. 'Ba ni da gyara. Daga rabon wani ake ɗebowa.'

"Ban tambayi na wa ba. Abin da ke cina ke nan har yau. Cewa na yi, 'Ƙara dai.'

"Ta miƙa hannu ta baya, cikin duhu. Hannun ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, wajen garinmu. Ya dawo cike. Na tara hula. 'Ya isa?' Na ce ƙara. Na tuɓe riga na shimfiɗa. 'Ya isa?' Na ce ƙara. Can ta kakkaɓe hannu ta ce, 'Ya ƙare.' Na ɗaga kai, ba kowa sai yashi."

Ya gyara zama. Muna jin numfashinsa.

"Da safe na kwance rigar. Geron ciki daban ne. Duk toka, da busasshen ganyen darbejiya. Mutum ɗaya ne a garin nan ke adana irin shuka haka.

"Sai na ji salati daga gidanku. Na je. Baffa, wato babanku, na tsaye gaban tulun irinsa. Da hannunsa ya fasa liƙin yumɓun, don hadari ya fara haɗowa. Ko ƙwaya babu. Irin nan da ya hana a taɓa, kuna kuka da yunwa yana kau da kai."

Na ce, "Ka mayar masa?"

Bai dube ni ba. "Jaje na yi masa. Na koma gida na tankaɗe tokar. Muka tuƙa tuwo."

Sauran mun sani. Babanmu bai yi shuka ba a shekarar. Ya tafi kudu neman abin da za mu ci, ciwo ya kama shi a can, bai dawo ba.

"Kada ku bi mashayar nan ku kaɗai," ya ce. "Ita ba ta cuce ni ba, gaskiya ta gaya mini. Ku tafi da wanda zai toshe muku baki."

Ya lalubi takalmansa ya fita, ko sallama babu. Lantana ta juya ta dubi damin da ke jingine da bango.

"Shekara goma sha ɗaya," ta ce, "muna yi masa godiya."