Katin da Aka Yi wa Ajiyar Goro

Ranar da Khalida ta fara ganin Ziyad, bai ko ɗago ya dube ta ba. Yana sunkuye a teburinsa na gyaran waya a Zongon Parakou, ƙarfen narka dalma a hannu, hayaƙi na shiga masa hanci. Sau biyu ta yi sallama. A na uku sai ta miƙa hannu ta juya ƙaramar fankar da ke gefensa, hayaƙin ya kauce.

"Wannan abin zai cinye maka ƙirji kafin ka kai talatin," ta ce.

Sai ya ɗago. Ya manta ƙarfen yana da zafi har ya ɗan taɓa masa yatsa.

Wayar wuta ta zo nema, ta wata tsohuwar kwamfuta ta shekarun tamanin, irin wadda madannanta ke haɗe da jikinta, a jona ta da talabijin. Ta mahaifiyarta ce, malamar lakwal, wato makarantar boko, a Djougou, wadda ta rasu Khalida na da shekara tara. Kwamfutar na can gidansu, ita kuwa Khalida aikin lantarki take karanta a Parakou, tana zaune gidan yayarta a Guéma.

Ziyad ya sunkuya. Ya janyo kwali daga ƙarƙashin tebur, ga irin kwamfutar sak, amma tasa matacciya ce. A samanta akwai wani koren kati mai faɗin tafin hannu. Ya yi mata bayani yana in'ina: shekara biyu ke nan yana zana shi, kati ne da za a ɗora kan tsohuwar ƙwaƙwalwar na'urar, yana ɗauke da sabuwa mai gudun da ya ninka nata sau ɗaruruwa. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda zai saya. Ko na'ura mai rai da zai gwada a kai ba shi da ita.

Khalida ta ɗaga katin ga haske, ta nuna masa wani ɗan ƙarfe da ya sa nesa da inda ya kamata. Wata uku yana neman wannan kuskuren.

Ta bar masa lambarta ta tafi. Kafin ta sauka daga babur a Guéma, saƙo ya shigo.

"Salam. Ziyad ne, mai hayaƙi. Na matsar da shi inda kika ce. Ya daina zafi. Ni ne kuma na fara."

Ta amsa: "Malam Dalma, ka sha ruwa. Kuma ka bar fankar inda na juya ta."

Wata takwas suka yi suna aikin tare, ƙofar shago a buɗe, yayarta na sane. Sau biyu suka sake zanen suka aika ƙasar waje aka bugo musu. Yatsunta suka cika da tabon ƙuna. Yana ce mata Lidata, in ya so tsokana ya ce mon ingénieur, wato injiniyata. Ita kuma takan zo masa da abinci, ta tsaya sai ya wanke dalmar hannunsa da sabulu kafin ya ci.

Da manyansa suka nemi izinin neman aurenta, sai Alhaji Mahamadu, mahaifinta, ya ce yaron ya zo Djougou da kansa.

Gidan Alhaji gidan goro ne tun kakanni. Ya bar Ziyad tsaye a ƙofar zaure har inuwa ta juya, sannan ya sa aka shigo da shi. A wurin akwai limamin unguwa, da Gwaggo Hannatu, yayar Alhaji, wadda ta raini Khalida. Akwai kuma Inoussa, ɗan ƙanensa mai kula da motocin goro, wanda sau biyu ya nemi auren Khalida ta ce masa a'a.

Alhaji ya juya katin da Ziyad ya zo da shi a hannunsa kamar ya tsinci ƙazanta. Ya tambayi Ziyad ko a bolar wace unguwa yake tono. Ya ce matarsa ta ƙarar da idonta a kan akwatin kwamfutar nan har ta mutu, yanzu ga wani ya zo zai ƙarar da 'yarsa, yatsunta ma sun koma kamar na mai gasa masara. Inoussa ya yi dariya har da buga cinya.

Sai Alhaji ya sa aka kunna kwamfutar marigayiya. Akwai wani zanen wuyan riga da ta koya wa na'urar, tana fito da shi layi bayan layi. Ya ɓara goro, ya ci a hankali, ya cinye, ya goge baki, zanen bai kai rabi ba.

"Juma'a ta sama," ya ce. "In ka sa ya gama kafin in ɓara goro in kai baki, na ba ka ita, ga liman shaida. In bai gama ba, kada in ƙara jin sunanka, ko a bakinta."

Ziyad ya ce ya yarda. Ya san katinsa.

Da yammar ranar Khalida ta ɗora katin, suka gwada, zanen ya fito kamar ƙiftawar ido. Amma Alhaji ya ce a cire, kwamfutar za ta zauna a ɗakinsa a kulle sai ranar. Ziyad ya koma shagonsa. Khalida ta sa katin cikin jakarsa mai ƙyalli, ta ajiye a akwatin kayanta, ta koma Parakou kwana biyar don jarrabawa.

Washegari Inoussa ya sami Gwaggo a ɗakin goro. Ya durƙusa ya gaishe ta da ladabin da bai saba ba. Ya ce shi ya haƙura, alheri kawai yake wa ƙanwarsa fata, shi ya sa hankalinsa bai kwanta ba. Irin waɗannan kayan zafi ke kashe su, in ji shi, sanyi suke so da danshi kamar goro, ga shi an bar shi a akwatin ƙarfe.

Shekara arba'in Gwaggo na riƙe da ɗakin goron gidan, ba a taɓa samun huhun goro ya lalace a hannunta ba. Abu mai daraja hanya ɗaya ta san ana ajiye shi. Ta ɗauko katin, ta cire shi daga jakar don ta san leda na dafa goro, ta zaɓi ɗanyen ganyen fita, na naɗe goro, mafi kyau ta naɗe shi. Ta buɗe huhun manyan fararen goro ta sa shi a tsakiya. Safe da yamma tana yayyafa masa ruwa, tana addu'a Allah ya sa auren 'yarta ya tabbata.

Ranar Litinin Khalida ta dawo. Gwaggo ta kira ta tsakar gida, gaban matan gidan duka, fuskarta cike da murna, ta kwance ganyen.

Katin ya yi kore-kore da fari-fari, tsatsa ta bi ƙafafun ƙarafan, ruwa na ɗiga daga gefensa.

Matan suka fashe da dariya. Wata ta ce a ɓara a raba, a ji ko ya yi zaƙi. Inoussa ya ɗauki hoton katin a hannun Gwaggo. Da labari ya kai wa Alhaji sai ya fito har tsakar gida yana dariya, ya dubi yayarsa ya ce tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan nan, yau ne ta yi masa aiki mai amfani.

Gwaggo ta dubi fuskar Khalida, a nan ta gane. Ta zauna a ƙasa, ganyen a cinyarta.

Inoussa ya tura wa Ziyad hoton, ya rubuta a ƙasa cewa amarya ta zaɓi gida. Ba a yi minti goma ba wayar Khalida ta yi ƙara.

"Da kin ce min ba ki so, da na tafi da mutuncina. Shekara biyu na rayuwata kika jiƙa don ki faranta wa ubanki da ɗan'uwanki. Dama jinin 'yan goro ne ke, abin da ba a taunawa ba ku san darajarsa ba. Ki gaida jahilar da ta taya ki. Zan zo Juma'a in ɗauki gawar kayana."

Ta karanta a tsaye. Ta sake karantawa. Mutumin da take tsarewa sai ya wanke hannu kafin ya ci abinci bai ko kira ya tambaye ta me ya faru ba.

Ta rubuta: "D'accord, shi ke nan. Allah ya kawo ka lafiya."

Sannan ta ajiye wayar, ta je ta ɗaga Gwaggo daga ƙasa. Tsohuwar ta ƙi cin abinci ranar, ta ƙi washegari, tana ta cewa ita ta kashe auren marainiya da hannunta. Khalida ba ta tsaya lallashi ba. Ta ce mata tana bukatar wanda zai riƙe mata gilashin ƙara girma, kuma mai jin yunwa hannunsa rawa yake yi. Gwaggo ta sha kunu.

Ta sayo alkol, ruwan goge ciwo, a farmasi da sabon buroshin haƙori. Ta wanke katin sau huɗu, ta shanya shi a inuwa gaban fanka yini guda, don ta san in ta yi gaggawar ba shi wuta ya tafi ke nan. Da hasken safiya ta bi hanyoyin jan ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Goma sha ɗaya tsatsa ta cinye. Ta farke wata tsohuwar wayar kunne, ta zaro zaren ƙarfe siriri kamar gashi, ta riƙa gina gada a kan kowace. Inoussa yakan wuce ta taga ya tambaya ko a kawo gishiri. Suka ci gaba da aikinsu.

Ba ta da inda za ta gwada. Kwamfutar na kulle.

Bayan sallar Juma'a zaure ya cika fiye da na farko, don labari ya zaga unguwa, mutane sun zo kallo. Ziyad ya shigo idonsa a ƙasa, ya rame. Khalida ta wuce shi kamar ginshiƙi, ta buɗe na'urar, ta ɗora katin. Sai a lokacin ya ga zarurrukan, goma sha ɗaya, kowanne a kwance tsaf.

Alhaji ya ɗauki goro ya sa farce a tsagarsa. Khalida ta danna.

Farcen bai gama shiga ba zanen ya cika talabijin, tun daga wuya har ƙirji, har da ƙananan haruffan sunan marigayiya a ƙasa, waɗanda Alhaji bai taɓa haƙurin jira ya gani ba.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ajiye goron.

"Alkawari na yi wa mai kati," ya ce wa Ziyad. "Naka ya ruɓe a ganye. Wannan nata ne. Ba ka ci komai ba, yaro. In tana son ragowarka, ita ta sani."

Kowa ya juya ga Khalida. Ta buɗe wayarta, ta miƙa wa Ziyad.

"Karanta. Da ƙarfi, yadda ka rubuta."

"Lidata, don Allah."

"Ba na jin ka, Malam Dalma."

Ya karanta. Ya karanta jinin 'yan goro a gaban zaure cike da 'yan goro. Da ya zo kan kalmar jahila muryarsa ta ƙi fita, Khalida ta jira, liman ya sunkuyar da kai, har ya faɗe ta. Sai ta nuna masa Gwaggo, ta gaya masa wanda ya riƙe gilashi kwana uku, da wanda ya ba da shawarar ganye.

Ziyad ya rarrafa a gwiwa har gaban tsohuwar, yana kuka kamar yaro. Gwaggo ta bar shi ya ɗan jima a wurin, sannan ta dafa kansa ta ce ai gaskiya ya faɗa, ba ta yi lakwal ba, amma ta yafe.

Alhaji ya miƙa wa Inoussa hannu ya ce ya ba shi makullan motoci. Ya ce wanda ya mai da yayarsa abin dariya ba zai ƙara taɓa huhunsa ba. Ba wanda ya tuna masa cewa shi ma ya yi dariyar.

Khalida ba ta ba da amsa ranar ba. Sati uku Ziyad yana turo saƙo safe da yamma, tana karantawa ba ta mayarwa. A rana ta ashirin da biyu ya rubuta: "Ba zan ƙara yanke miki hukunci ban ji bakinki ba, ko da duniya duka ta turo min hoto. Ban cancanta ba, amma ina roƙo."

Ta amsa: "Ka turo manyanka."

An ɗaura aure a Djougou bayan ƙaramar Sallah. Alhaji ya ba da ita, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, bai ƙara ko kalma ba. Da za a sa amarya a mota zuwa Parakou, Gwaggo ta riƙe hannayenta masu tabo, lalle ya rufe su, ta yi ta sa albarka: Allah ya ba su 'ya'ya masu jin ƙai, ya tsare bakin miji, ya tsare zuciyar mata, ya raba su da mai ba da shawara yana murmushi.

Da mota ta fita gari, Ziyad ya tambaye ta a hankali ko ta goge saƙon nan.

"Na yafe maka, mon cœur, masoyina, har zuciyata," ta ce. "Amma yana nan."

Ya ce to. Ta ɗora kanta a kafaɗarsa. Allah ya bar su tare, ya albarkaci gidansu.