Budurwar da Mai Sharhi Ya Ambata

"Sake faɗa min abin da mai sharhin ya ce," in ji Bahijja.

Aminat, 'yar baffanta da ta karanci Turanci a jami'a, ta taɓe baki. Suna zaune a tsakar gidansu a Gwammaja, suna kallon gasar kurket, wasan jifa da dukan ƙwallo, da ake yi a Abuja, inda Mikail, saurayin Bahijja, yake yi wa tawagar Kano jifa.

"Cewa ya yi 'another maiden for Mikail'. Maiden dai budurwa ce. Wata budurwar ya ƙara samu, har 'yan kallo suna yi masa tafi."

Bahijja ta duba ƙamus a waya. Budurwa ɗin ce...

Kafin la'asar Aminat ta kai wa Hajiya, mahaifiyar Bahijja, labari, Hajiya ta kai wa Baba. Shi dama bai taɓa son surukin da sana'arsa koya wa 'yan makaranta jifan ƙwallo ba. Ya ce a dakatar da maganar sa rana.

Mikail ya yi ta kira, ta ƙi ɗagawa. Ta sha kuka, sai dai abin ya ƙi zama mata. Wane mai sharhi ne zai bar wasa ya koma lissafin 'yammatan mutane? Kuma me ya sa Aminat, da ba ta taɓa damuwa da kurket ba, ta nace sai sun kalla tare?

Washegari ta kunna gasar ita kaɗai. Wasan mata ake yi. Wata siririyar yarinya ta yi jifa, sai ga mai sharhin ya sake furta kalmar nan, a kan mace!

Bahijja ta gyara zama, ta zuba ido. Duk sanda mai jifa ya yi jifa shida a jere ba a ci ko maki ɗaya ba, sai kalmar ta fito. Ashe ma'anarta ke nan a kurket.

Ta tarar da Aminat a kicin.

"Kin sani?"

Aminat ba ta ɗago daga tukunyar ba. "Ni na fara ganin Mikail kafin ke," ta ce a hankali.

Ranar da Mikail ya dawo ya tsaya a zaure, fuska ba walwala. Ya ji komai a bakin Hajiya.

"Ko tambayata ba ki yi ba, Bahijja."

"Na yi kuskure, masoyina. Ni na ɓata, ni zan gyara. Kada ka tafi."

Ta shige ciki, ta durƙusa gaban Baba, ta roƙe shi ya saurare ta. Ta miƙa wa Hajiya muciya, ita ta ɗauki lemon tsami, ta ja da baya ta jefa. Hajiya ta kai duka ta kuskure. Haka har sau shida, Bahijja tana bayanin cewa jifa shida ba maki shi ne 'maiden' a kurket, ba budurwa ba.

Baba ya daɗe yana kallon 'yarsa, wadda ba ta taɓa haɗa ido da shi a kan maganar aure ba.

"Har haka kike son yaron nan?"

Ta sunkuyar da kai.

"To, je ki ce masa ya shigo. Ya turo manyansa ranar Juma'a."

Ta fita zauren ba ko takalmi.