Iska a Jinin Tahira

Jiri ne ya kayar da Tahira a gonar gyaɗa, aka kai ta ƙaramin asibitin ƙauyensu da ke gefen Minjibir. Kamaruddeen, saurayin da ke gwajin jini, ya tsira mata allura a yatsa. Ta ce wash, ya hau jera mata sannu kamar shi aka tsira.

"Jininki ya yi ƙasa," ya ce. "Jajayen ƙwayoyin jini su ke ɗauko iska mai kyau daga huhu su raba wa jiki, jinin ya kwaso gurɓatacciyar ya mayar huhu a fitar da ita. Naki ƙwayoyin sun yi kaɗan."

Gyaɗa kai kawai take yi. Rabin bayanin ya wuce ta, don hankalinta na kan wushiryarsa.

A gida Gwaggo Hure, wadda ta raine ta, ta tambayi me aka gano.

"Wai iska ce a jinina, ba ta zagawa daidai."

Gwaggo ta dafe ƙirji ta saki salati. Kafin kasuwa ta sake ci, har bakin rijiya an san Tahira tana da iskoki.

Shi kuwa Kamaruddeen ya fara zuwa zance. In bai zo ba, saƙo ya zo.

"Hasken idona, kin sha maganin? Ki dage da zogale. Tun ranar nan jinina ya haɗu da naki."

Ta daɗe tana juya wayar kafin ta rubuta, "A kwalbar gwaji ko a ina? Ka daina rikita ni, Kamaruddeen."

Sai kuma ƙafarsa ta ɗauke. Saƙon da ya biyo baya ya sa ta kuka.

"Inna ta ce ba za ta kai kayan gaisuwa gidan mai iska ba. Na yi mata bayani har da zane a ƙasa, ta ce ni ma sun shafe ni. Ban haƙura da ke ba, Tahirata."

Gwaggo ta dage da turaren hayaƙi na korar iskoki. Tahira tana tari tana tunani: ko dai da gaske tana da su?

A wani gidan suna aka aike ta kai itace madafi, sai ga ta gaban Inna Kulu, mahaifiyar Kamaruddeen, tana fama da ɗanyen itace. Matar ta ɗan ja baya.

Tahira ta durƙusa ta gaishe ta. Sai ta sunkuya ta hura wutar. Wuta ta tashi. Nan take bayanin asibiti ya faɗo mata.

"Inna, me na ba wutar nan?"

"Iska mana."

"To irinta ce a jinina, ta numfashi. Jiki kamar murhu yake, jini ke kai masa iska, ya kwaso hayaƙin. Nawa masu dakon ne suka yi kaɗan."

Inna Kulu ta ƙura mata ido. "Ni ma tana jinina?"

"Kowa, Inna. Har maigidanki."

Sai Inna ta kwashe da dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Ashe duk gidanmu 'yan iska ne! Ku ji min yarinya. Shi wancan ya tsaya yana zana min ƙwai a ƙasa!"

Ta tsamo hanta daga tukunya ta danƙa mata. "Cinye, a ƙara masu dakon."

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura aure. Ranar kai amarya Inna Kulu ta riƙe hannun Tahira ta ce, "Allah ya haɗa jininku, ya ba ku numfashi mai tsawo tare."

Gwaggo Hure ta amsa da amin, ta lallaɓa ta cusa ƙullin turaren a akwatin amarya. Ko da wani abu.