Tafarnuwar Inna Sahura

Ko hijabin tafiya Mubarika ba ta cire ba ta durƙusa a bakin fangali na farko. Ta kama ganyen tafarnuwa ta ja. Ganyen ya biyo hannunta, kan ya rage a ƙasa. Ta sa yatsa ta tono shi, ya narke mata a tafin hannu kamar dafaffiyar kabewa.

Wari ya buge ta.

Ta ja na biyu.

Ta ja na uku...

Garkar da ta bari a bushe kwana goma da suka wuce ta koma taɓo. A gefen rijiya an kafa wani ƙarfe, an ɗora masa farantin sola da ke kunna famfo, ga shuɗin tiyo kwance tsakanin fangaloli yana ta kwararar da ruwa.

"Wa ya ba ta ruwa, Baba?"

Malam Is'haƙa, mahaifinta, yana tsaye a ƙofar darni, hannuwansa a baya. Bai dube ta ba ya ce, "Wanda kika ce shi za ki aura."

Duk mai noman tafarnuwa ya san abu guda. Idan ganyenta ya fara rawaya a ƙarshen sanyi, ba ƙishirwa take ji ba, nuna ta yi. A lokacin ake yanke mata ruwa kamar mako biyu, ƙasa ta bushe, kai ya yi ƙwari, sannan a cire. Wanda ya ci gaba da ba ta ruwa, ruɓewa za ta yi a cikin ƙasa. Mubarika ta yanke ruwan da gangan kafin ta tafi Dogon Dutsi jinyar yayarta da ta haihu.

Kuma wannan ba tafarnuwar kasuwa ba ce. Iri ne da mahaifiyarta, Inna Sahura, ta zo da shi Dumega daga Sukukutane ranar da aka kawo ta amarya, ƙanana masu ja-ja da ƙarfin ƙamshi. Shekara huɗu ke nan da rasuwar Inna. Kowace shekara Mubarika na shukawa, ta cire, ta ware na iri. Bana gaba ɗaya ta shuka, ko ƙwaya ba ta rage a ɗaki ba.

Ba a jima ba aka ji tsayuwar moto. Halilu ne, mai shagon kayan sola, wanda ya shekara biyu yana nemanta Baba na jan ƙafa. Ya shigo garkar da fara'arsa, yana tambaya ko ta ga kyautar da ya yi mata. Ya ce ya zo gaida Baba ne ya hango ganyen duk ya yi rawaya, hankalinsa ya tashi. Ya tuna yadda guga ke fasa mata hannu, ya ce daga yau ta huta. Safe da yamma yake zuwa ya kunna.

Ta miƙe ta buɗe masa tafin hannunta.

"Shaƙa."

"Mubarika... mene ne wannan?"

"Kyautarka ce. Kwana goma kana kirana a waya, kana tambayar ko na ci abinci, ko jariri na kuka. Wannan ce kaɗai ba ka iya tambaya ba?"

"Na so ki dawo ki yi mamaki ne, tawan."

"To na yi. Kuma kar ka sake ce mini tawan a cikin garkar nan."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce gobe-goben nan zai shiga kasuwa ya sayo mata buhu guda, mafi kyau, manya-manya. Nan ne abin da take dannewa ya ƙwace.

"Buhu! Uwata za ka sayo mini a kasuwa, Halilu?"

Ta wuce ta fizge wayar famfon da kanta, ruwan ya tsaya.

Sai a lokacin Baba ya yi gyaran murya. Ya ce ai ga shi ta gani da idonta. Tun farko ya faɗa mata ɗan birni ba ya zama da ɗiyar manomi. Wanda bai san bambancin nuna da ƙishirwa ba, yaya zai san halin mace? Tun rana ta biyu ya ga abin da yaron ke yi, ya bar shi ya nuna ko shi wane ne.

Mubarika ta juyo a hankali.

"Baba... ka gani?"

"Na gani."

"Kwana takwas kana kallo."

Ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba in tana gabansa, amma muryarta ba ta sauka ba.

"Shi bai sani ba, Baba. Kai ka sani. Kai kake riƙe wa Inna kwando in tana cirewa."

Malam Is'haƙa ya sauke hannuwansa daga baya. Ya dubi fangalolin kamar yau ya fara ganinsu. Can ya cire takalmansa, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga taɓon.

Babu lokacin kuka. Abin da zai tsira sai an cire shi a ranar. Mubarika ta nuna wa Halilu yadda ake sa hannu ta ƙarƙashi a ɗago, ba a ja ta ganye. Ya cire agogonsa ya durƙusa da farar shaddarsa. Su uku suka bi fangali takwas, ita tana cewa "zubar" ko "ajiye". Kafin la'asar sun tara ruɓaɓɓu tsibi guda a bayan darni. Waɗanda suka yi saura da ɗan ƙwari ba su cika ƙwarya ba.

Ta shanya su a inuwar rumfa, inda iska ke ratsawa. Sannan ta faɗa musu shawararta, su biyun a tsaye. Kada wanda ya sake yi mata zancen aure, ko na yi ko na fasawa, sai ranar da irin Inna ya tsiro. In bai tsiro ba, kowa ya kama gabansa.

"Wata takwas fa ke nan," in ji Halilu.

"Na iya lissafi."

Bai yi musu ba. Ya tambaya ko ya kwashe famfon. Ta ce ya bar shi, albasa da tumatir ba su yi masa laifi ba.

Zafi ya zo ya wuce, damina ta sauka. Laima na cin abin da ke rataye a rumfa, kowane mako sai ta zubar da kai ɗaya ko biyu. Duk ranar da ta zubar, ba ta ɗaga wayar Halilu. Shi kuwa duk Juma'a sai ya zo ya gaida Baba, ya zauna a zaure. Da farko gaisuwa kawai suke yi. Daga baya ta riƙa jiyo shi yana tambayar tsohon yadda ake gane ƙasa ta ƙoshi, da lokacin da ake zuba taki. Baba na amsawa a gajarce, har ya koma yana ba da labarin Sahura, abin da bai yi ba tun rasuwarta.

Fushin bai bar ta ba. Wani lokaci tana tsakiyar daka sai ta tuna warin nan, ta riƙa kirɓa taɓarya kamar turmin ne ya yi mata laifi. Amma ran Juma'a tana jin motonsa tun daga bakin hanya, kuma ta san tana ji.

Da aka gama girbin hatsi sanyi ya fara leƙowa, ta ɓare abin da ya rage. Ƙwaya talatin da ɗaya. Ta shuka su a rabin fangali, tsinin sama, gindin ƙasa, ta rufe da yatsa.

Kwana bakwai babu komai.

Kwana tara babu komai.

Ran na sha ɗaya, bayan sallar asuba, ta tarar da Baba ya riga ta zuwa. Yana tsugune a bakin fangalin, yana nuna wasu ƙananan tsinke kore da yatsa, leɓɓansa na motsi.

"Sha tara," ya ce, yana share ido da bakin rigarsa. "Ki yafe mini, ɗiyata. Kuma ki kira yaron nan. Ya turo kawunnansa ran Juma'a."

Ta daɗe tana kallon tsiron kafin ta danna lambar. Bugu ɗaya ya ɗaga.

"Ta fito," ta ce.

Ta jiyo muryar wani mai saye yana ta sallama a ƙofar shago babu mai amsa masa. Ta faɗa masa saƙon Baba. Ya yi hamdala har sau uku, sannan ya sassauta murya.

"Mubarika... kin huce?"

Ta share hawayenta da bayan hannu.

"Da saura. Ka dai zo."